Baƙunci a Gidan Namun Daji

Jawabin Jami'in Ilmin Manya ga ɗaliban azuzuwan Yawuri, Ngaski da Shanga

   

Maganar da zan yi muku yau a kan daji ce, da namun da ke cikinsa. Kudu da mu akwai wani babban daji wanda Gwamnati ta keɓe domin namun daji, ana kiransa Gandun Dajin Tafkin Kainji. Da yawa daga cikinmu mun ji sunansa, amma kaɗan ne suka taɓa shiga ta ƙofarsa. Zan gaya muku yadda aka yi ya samu, da abin da ke cikinsa, da yadda mai ziyara zai yi idan ya je. Abu guda na ke so ku riƙe tun daga farko: wanda ya shiga gandun daji baƙo ne, namun daji kuwa su ne masu gida. Duk sauran maganar a kan wannan ta ke.

MENE NE GANDUN DAJI?

Kowa a nan ya san gandu, watau babbar gonar gida wadda ba ta mutum ɗaya ba ce. Kowa yana yi mata aiki, kowa yana ci daga cikinta, ba kuwa wanda zai yanki wani gefe ya sayar don kansa. To, haka gandun daji na ƙasa ya ke. Fili ne wanda doka ta ware domin itatuwa da dabbobi da tsuntsaye su zauna lafiya su hayayyafa. Ba a noma a ciki, ba a kiwo, ba a farauta, ba a sare itace, ba a sa wuta. Ana shiga da izini, a gani, a ƙaru, a fito.

Wannan dabara ba a ƙasarmu aka fara ta ba. A Amurka aka fara keɓe irin wannan daji, a wani wuri mai suna Yellowstone, a shekarar 1872. Daga nan ƙasashe da yawa suka bi. A Arewa, an keɓe dajin Yankari na ƙasar Bauci a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A shekarar 1963 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji.

Amma kada ku ce baƙon abu ne gare mu ɗungum. Kakanninmu ma suna da nasu tsari. Akwai sarkin ruwa, akwai sarkin dawa. Akwai gulbin da ba a su a cikinsa sai ranar da aka ba da izini. Maharbi na ƙwarai ba ya harbin dabba mai ciki ko mai shayarwa. Gandun daji wannan tsohon hankali ne, aka rubuta shi a takarda aka yi masa iyaka.

YADDA NAMU YA SAMU

Dattawanmu sun ga abin da idonsu. A shekarar 1964 aka fara gina madatsar ruwa a kan Kogin Kwara, wanda a ke kira Neja, a Kainji. A 1968 aka gama, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, har ya kawo kusa da Yelwa. Fiye da mutum 40,000 aka tashe su daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse. Tsibirai da yawa na Gungawa sun nutse, da gonakinsu na albasa da gero, aka gina musu sababbin ƙauyuka a tudu. Saboda haka ba mu ne za a koya wa zafin rasa gida ba. Mun san shi. To, ku tuna ruwan nan bai tashi mutane kaɗai ba, har da namun da ke fadamu da kurmin bakin kogi.

Yamma da tafkin akwai dajin Borgu, wanda aka keɓe domin namun daji tun cikin shekarun 1960. Gabas da shi kuma akwai dajin Zugurma. A shekarar 1979 Gwamnatin Tarayya ta haɗa su biyu da doka, suka zama Gandun Dajin Tafkin Kainji. Shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Nijeriya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340. Sashen Borgu ya fi girma, wajen 3,970, na Zugurma kuwa wajen 1,370. Dajin yana cikin Jihar Neja da Jihar Kwara, ba cikin Kebbi ba, amma tafki ɗaya ya haɗa mu da shi. Babban ofishinsa yana Sabuwar Busa. A garin nan ne kuma a ke da kwalejin koyon kula da namun daji, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi.

ABIN DA KE CIKI

Dajin Borgu ba kurmi ne mai duhu ba. Daji ne irin namu, sai dai gatari bai ci shi kamar namu ba. Akwai doka da maje da kawo da taura da ƙirya da kaɗanya da maɗaci. Akwai tuddai da ƙananan duwatsu jefi-jefi. Kogin Oli ya ratsa ta tsakiyarsa. Da rani kogin ya kan yanke, ya bar gurabu masu zurfi, a nan dorina da kada su ke zama, nan kuma sauran dabbobi su ke zuwa shan ruwa.

Namun da aka san dajin da su sun haɗa da gwanki, da kanki, da mariya, da gwambaza, da mazo, da gada, da ɓauna, da mugun dawa, da gwaggon biri, da jan biri. Masu cin nama kuma akwai zaki da damisa da kura, ko da ya ke ganinsu yana da wuya ƙwarai. Tsuntsaye kuwa iri-iri ne: burtu, zabon daji, fakara, shaho, da na ruwa.

Kowannensu da aikinsa. Gwanki da mariya suna cin ciyawa, zaki yana cin gwanki da mariya, kura da ungulu suna share abin da ya rage. Biri da burtu da jemage suna cin 'ya'yan itace, su kai ƙwallon wani wuri ya tsiro. Kashin dorina cikin ruwa taki ne, yana ciyar da ƙananan halittun da kifi ke ci. Idan aka zare ɗaya, sauran su kan ji a jikinsu, kamar yadda taru ya kan warware idan ido ɗaya ya tsinke.

ABIN DA MUKA RIGA MUKA RASA

Ku tambayi tsofaffin maharba, za su gaya muku a da akwai garken giwaye a dajin Borgu. Masu neman haure da yawan damu sun sa sun watse. Raƙumin dawa a da yana yawo a Arewacin ƙasar nan, yau yaranmu sai a hoto su ke ganinsa.

Zaki ma ya kusa bin sahu. Wani bincike da masana suka bayyana a shekarar 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce wajen 400 ba. A wurare huɗu kaɗai aka same su: wani daji a Sanagal, da babban dajin da ke kan iyakar Benin da Burkina Faso da Nijar, da Yankari, da Kainji. Ku duba fa, cikin wurare huɗu a duk yankin nan, ɗaya maƙwabcinmu ne. Muna kiran sarakunanmu zaki, muna yi wa jarumi kirari da giwa. Ashe ba abin kunya ba ne jikokinmu su gaji sunan, su rasa mai sunan?

Amma kada mu yanke ƙauna. A Jamhuriyar Nijar, wajen garin Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har sun koma 49 kacal a shekarar 1996. Gwamnati ta hana kashe su, mutanen ƙauyuka suka yarda suka zauna da su, wasu samari suka zama masu yi wa baƙi jagora. Cikin shekara ashirin da 'yan kai sai da suka haura 600. Manoma ne irinmu, gero su ke nomawa kamarmu. Abin da suka iya, mu ma za mu iya.

KAFIN A TASHI

Na farko, a yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. A 'yan shekarun nan an sha samun miyagun mutane masu ɗauke da makamai suna ɓuya cikin dajin Borgu da kewayensa. Saboda haka kada wani aji, ko wata ƙungiya, ko wani mutum shi kaɗai ya kama hanya sai ya tuntuɓi ofishin gandun a Sabuwar Busa, ya ji ko an buɗe, da kuma inda aka yarda a shiga. A sanar da hakimi da jami'an tsaro. Idan aka ce a dakata, a dakata. Sannu ba ta hana zuwa. Rai ya fi kallo.

Na biyu, a zaɓi lokaci. Da damina ciyawa ta kan fi mutum tsawo, hanyoyi su lalace, dabbobi su bazu ko'ina domin ruwa ya wadata. Lokacin da ya fi kyau shi ne rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, namun daji suka taru kusa da ruwa. A cikin yini kuwa, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Da tsakar rana kowa yana inuwa, har zaki.

Na uku, a yi shiri. A ɗauki ruwan sha isasshe, da hula, da takalmi mai rufe ƙafa. A sa tufafi masu launin ƙasa, masu dogon hannu. Farar riga tana korar dabba tun daga nesa, baƙa da shuɗiya kuwa suna jawo ƙudan tsando. A tafi da gidan sauro idan za a kwana.

Na huɗu, idan tafiyar ta ƙunshi ƙetare ruwa, kada a shiga jirgin da aka cika shi fiye da kima, kada a yi tafiyar dare, a sa rigar ruwa. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, da mutane sama da 150 a ciki. Allah ya ji ƙansu, ya kiyaye gaba.

LADABIN BAƘO

In ka je gidan mutum, ta ƙofa ka ke shiga, ka yi sallama, ka zauna inda aka nuna maka. Ba ka leƙa ɗaki, ba ka dukan yaran gida, ba ka fita da tabarmar mai gida. To, ga ladabin gandun daji:

1. A shiga ta ƙofa. A biya kuɗin shiga, a karɓi rasit, a rubuta suna a littafi. Idan wani abu ya faru, da wannan littafi za a san wanda bai fito ba. A karanta allunan da aka kafa a hanya, domin ba don ado aka kafa su ba.

2. Kada a rabu da jagora. Ma'aikacin gandu ya san sawu, ya san iska, ya san inda ɓauna ta kan kwanta. Idan ya ce a tsaya, a tsaya. Idan ya ce kada a sauka daga mota, kada a sauka.

3. A yi shiru. Ban da rediyo, ban da kiɗa, ban da ƙahon mota, a kashe ƙarar waya. Kunnen dabba da hancinta sun fi namu nesa ba kusa ba. Ayarin da ke surutu ƙura kaɗai zai gani.

4. A tsaya nesa. Ga alama mai sauƙi: idan dabba ta bar cin abincinta ta ɗaga kai tana kallonka, ka matso da yawa. Idan ta buga ƙafa, ko ta yi huci, ko ta girgiza kai, ja da baya a hankali, kada ka ruga. Kada a sa direba ya bi dabba don a ɗauki hoto. Dabbar da aka kora da rani, ƙarfin da za ta kai damina da shi aka ƙona mata.

5. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta. Ko kaza ta kan yi faɗa a kan 'yan tsakinta, balle ɓauna. Idan aka ga ɗan gada kwance shi kaɗai cikin ciyawa, ba maraya ba ne. Uwarsa ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo. Wanda ya ɗauke shi don tausayi, shi ya maraita shi.

6. Kada a ba dabba abinci. Wannan ita ce dokar da masu kirki suka fi karyawa. Birin da aka saba ba shi gyaɗa ya kan daina jin tsoron mutum. Gobe ya ƙwace, jibi ya yi cizo, gata a harbe shi. Waɗanda suka je Yankari sun ga yadda birai su ke shiga ɗakin baƙi su yi awon gaba da abinci. Hannun mutane ne ya koya musu.

7. Kada a yar da kome. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga ledar da a ke cirowa daga tumbin saniya. Abin da leda ta ke yi wa saniya, shi ta ke yi wa gwanki. Kwalba, gwangwani, leda, duk a mayar cikin jaka a fito da su.

8. Kada a sa wuta, kada a yar da guntun taba. Za ku ga wuraren da aka ƙone, ku ce ai su ma suna ƙonawa. I, ma'aikata su kan sa wuta da gangan a farkon rani, sa'ad da ciyawa ba ta gama bushewa ba, wutar ba ta da ƙarfi. Wutar Maris da Afrilu kuwa ba ta barin ƙwai, ba ta barin 'ya'yan dabbobi, har manyan itatuwa ta kan kashe.

9. Kada a ɗauko kome. Ba ƙaho, ba ƙwai, ba zuma, ba saiwa, ba ɓawon itace. Mutum ɗaya zai ce ɗan kaɗan ne. Mutum dubu fa?

10. Kada a yi wanka ko alwala a gurbin da jagora bai nuna ba. Ruwan da ya kwanta shiru ba shi ne marar mai shi ba.

Ku sani kuma, waɗannan ba shawara ce kawai ba. Dokar gandun daji ta ƙasa ta 1999 ta hana shiga ba izini, da farauta, da kiwo, da saran itace, da sa wuta. Wanda aka kama, tara ce ko ɗauri.

GANDUN DA KE KAN DUWATSU

Wataƙila Allah ya kai waninku gabas, ga gandun daji mafi girma a ƙasar nan, watau Gashaka-Gumti, cikin Jihar Taraba da Adamawa, kan iyakar Kamaru. An kafa shi a shekarar 1991. Shi ƙasar duwatsu ce da kurmi. A nan ne dutse mafi tsawo a Nijeriya ya ke, Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419.

Dokokin nan goma duk suna aiki a can, amma mu mutanen bakin ruwa sai mun ƙara da uku. Ɗaya, a kan dutse akwai sanyi da hazo mai rufe hanya farat ɗaya, saboda haka a tafi da bargo, a tashi da wuri, a bi turbar da jagora ya bi. Biyu, kada a ture dutse ya gangara, domin ba a san wanda ke ƙasa ba, mutum ko dabba. Uku, a can akwai wani babban biri marar wutsiya, ana ce masa cimfanzi. Jikinsa ya yi kusa da namu har murarmu da tarinmu su kan kama shi, su kashe shi. Mai mura kada ya je kusa da su. Kun ga ashe baƙo ya kan cuci mai gida ko bai ɗaga masa hannu ba.

NAMUN DAJIN DA KE ƘOFAR GIDANMU

Yanzu mu dawo gida. Ba kowa ne zai samu zuwa gandu ba, amma dabba ba ta karanta allon iyaka. Wasu namun dajin nan tare mu ke kwana da su a bakin tafki.

Dorina. Na san masunta da manoman shinkafa suna da kuka a kanta, kuma kukansu gaskiya ne. Ta kifar da jirage, ta kashe mutane, ta cinye gonaki. Ba wanda zai ce wa mai makoki dorina ta fi ɗansa. Amma sanin halinta ya kan ceci rai. Nauyinta ya kan kai kilo 1,500. Da rana tana ruwa, da dare ta fito kiwo, ta ci ciyawa wajen kilo 40 kafin asuba. A tudu ta fi mutum gudu. Ta kan yi minti biyar a ƙarƙashin ruwa, saboda haka rashin ganinta ba shi ne rashinta ba. Idan ta wage baki, ba hamma ta ke yi ba, gargaɗi ne. To, kada a tsaya tsakaninta da ruwa. Kada a kwana a kan turbarta. Kada a kusanci mai ɗa. A riƙa bubbuga gefen jirgi a inda aka san tana nan, don kada a yi mata ba-zata, a kuma kauce wa wurin da magariba da asuba.

Me ya sa ɓarnarta ta ƙaru? Domin mun nome makiyayarta har bakin ruwa. Inda burugu ya ke a da, yau shinkafa ce. Idan gari ya haɗa kai ya bar mata wani yanki na ciyawa, ya haƙa rami mai zurfi mai miƙaƙƙen gefe a bakin gonaki, ɓarna ta kan ragu, gama dorina ba ta tsalle. Wadda ta zama mai kisa kuwa, a kai maganarta ga sarki da ma'aikatan daji, su yanke hukunci. Kada samari su fita da kansu. Dorina mai rauni ta fi mai lafiya haɗari.

Ayu. Shi ba ya cutar kowa, ciyawar ruwa ya fi ci. Ɗa ɗaya ya ke haifa, bayan ciki na wajen shekara guda, sa'an nan ya daɗe bai sake ba. Dabbar da ke haihuwa haka, kisa kaɗan ya isa ya ƙarar da ita. Dokar ƙasa ta 1985 ta kare dabbobin da ke shirin ƙarewa ta hana kashe shi da cinikinsa. Idan ya faɗa taru da rai, a sake shi.

Ungulu. Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Masu sayar da kanta sun rage ta, guba ta rage ta. Makiyayin da kura ta kashe masa saniya, idan ya zuba guba a mushen, ba kura kaɗai zai kashe ba, har da ungulu goma ko ashirin, da karnukan gari. A ƙasar Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin shanu ya kashe musu ungulu fiye da kashi 90 cikin 100. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Ba a san amfanin mai shara ba sai ranar da bai zo ba.

Kifi. Mai zuba gamalin ko magimfa a ruwa, da mai jan taru mai ƙananan idanu, uwa da 'ya'ya ya ke kwashewa. Ya ci na bana, ya ci na baɗi.

Ga 'yan'uwanmu makiyaya kuma, mun san an toshe burtali da yawa, wannan laifin manoma ne da ya kamata a gyara. Amma kai shanu cikin gandu ba magani ba ne. Akwai tsando mai sa sammore, cuta kuma tana bi ta kowane gefe. Bushiyar da ta faɗa wa ƙasar nan a 1983 ta kashe shanu, ta kashe ɓauna. Haka kuma kada kowa ya ci naman dabbar da ya tsinta a mace, ko ya feɗe ta, domin ba a san abin da ya kashe ta ba.

RIBARMU

Wani zai ce, mu da ke fama da abin sa wa a baki, ina ruwanmu da gwanki? To, ga ruwanmu. Itatuwan daji su ne ke riƙe ƙasa. Inda aka sare su, ruwan sama ya kan kwashi yashi ya zuba a rafi, rafi ya kai tafki, tafki ya cike, kifi ya rasa wurin ƙwai. Ƙudan zuma da ke zuwa furen gonakinmu a kogon itace ya ke kwana. Idan daji ya zauna lafiya, baƙi suka dawo, direba zai samu, mai abinci za ta samu, mai jirgi zai samu, yaranmu da suka yi karatu su samu aikin gandu. Dajin da masu gadi da baƙi su ke kai da kawowa a ciki kuma, mugu ba ya jin daɗin zama cikinsa.

Saboda haka ga roƙona. Kowa ya koma ya faɗa wa mutum biyar abin da ya ji. Iyaye mata, ku hana yara harbin tsuntsu da danƙo don wasa kawai. Masunta, ku zauna da sarkin ruwa ku san inda dorina ta ke a bana. Kada mu sayi naman daji, ko fata, ko kan ungulu, ko man ayu, gama in babu mai saye, babu mai kisa. Ranar da hanya ta yi kyau aka ba da izini, mu shirya mu je mu gani, domin gani ya kori ji. Mu shiga da ladabi, mu fito da labari, mu bar gidan yadda muka same shi.

 

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. A wace shekara aka kafa Gandun Dajin Tafkin Kainji, kuma waɗanne dazuzzuka biyu aka haɗa?

2. Mene ne abu na farko da za a yi kafin a kama hanyar gandu?

3. Don me aka hana ba biri abinci?

4. Ta yaya za ka gane ka matsa kusa da dabba da yawa?

5. Ka rubuta sunayen namun daji biyar da kakanka ya gani a ƙasarku. Ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda kai ma ka gani da idonka.